Laftof ta hannu don haɗa kiɗa: me ya sa Core i7 ke kakarewa?

"Assalamu alaikum Malam. Ina koyon haɗa kiɗa da FL Studio a laftof ɗin yayana, HP ce Core i7 mai RAM giga 8, ina kuma da fiyano Yamaha PSR. Da na zuba kayan kiɗa kamar goma sai sauti ya fara ƙaraf-ƙaraf yana yankewa. In na sa makirfo muryata tana makara kafin in ji ta a hedifon, kuma in caja na jiki akwai wani zuuu da ke shiga rikodin. Na tara kuɗi zan sayi tawa, amma ba su kai na sabuwa ba. In i7 ma ta kasa, wace iri zan saya? Ko sai Apple?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka kawo ciwo uku ka ɗora su a kan laftof ɗaya, alhali ɗaya ne kawai a ciki ake iya cewa nata ne kai-tsaye. Yankewar sauti ta shafi furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, da saiti. Makarar murya aikin direban sauti ne, wato 'yar manhajar da ke haɗa Windows da na'urar sauti, da abin da ka sa makirfo a ciki. Zuuu ɗin kuwa wuta ce. In ka kwashe duk abin da ka tara ka zuba a laftof, biyu daga cikin ukun za su bi ka sabon gida. Don haka kafin a zo kan wace za ka saya, bari mu duba wadda ke hannunka.

Tambarin i7 ba ya faɗa maka komai

Intel na buga Core i3, i5 da i7 tun fiye da shekara goma da suka wuce, kuma ta yi ta fitar da sabon zubi kowace shekara ko biyu da suna iri ɗaya. Abin dubawa shi ne lambar da ke bayan sunan. Ka buɗe Task Manager, ka shiga Performance, ka danna CPU, za ka ga cikakken suna a sama, misali i7-6600U ko i5-8350U. Lambar farko ita ce zubin: 6600 zubi na 6, 8350 zubi na 8. Daga zubi na 10 lambobi biyu na farko ake karantawa, wato i5-10310U na 10 ne, i5-1135G7 na 11. Harafin ƙarshe ma yana magana. U na nufin furosesa mai tsimin wuta, wajen wat 15, wadda aka yi don aikin ofis da jimirin batir. H na nufin mai ƙarfi, wajen wat 45, mai zafi da cin batir.

Ga inda mutane ke faɗawa rami. Har zuwa zubi na 7, i7 mai harafin U ƙwaya (core) biyu kawai gare ta a ciki, wato sassan da ke raba aiki a tsakaninsu. I7-6600U da i7-7500U duk ƙwaya biyu ne. A zubi na 8 ne Intel ta mayar da i5 da i7 masu U ƙwaya huɗu. Ma'ana i5-8250U ko i5-8350U ta fi i7-7500U ƙarfi nesa ba kusa ba, duk da mai shago zai tsuga wa i7 ɗin kuɗi saboda tambarin da ke manne a jiki. Ina kyautata zaton ta yayanka irin wannan ce, i7 ta zubi na 5 zuwa na 7. Ka duba ka gani.

Akwai wani dalili na biyu da ya sa nake kafa iyaka a zubi na 8. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance daga zubi na 8 take farawa, tare da guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Ana iya tura ta da ƙarfi a kan tsofaffi, masu gyara na yi kullum, amma ban ga hikimar mutum ya biya kuɗinsa yau ya sayi injin da sai da dabara zai ɗauki Windows ɗin da ake yayi ba.

Me ke kawo ƙaraf-ƙaraf

Kwamfuta ba ta sarrafa sauti a zube. Tana ɗibarsa ne kashi-kashi, ta cika wani ɗan ma'aji da ake kira bafa, ta miƙa wa sifika, ta koma ta ciko wani kafin na farkon ya ƙare. In ta makara ko da ƙiftawar ido, sifika ta sami ma'ajin wayam, wannan giɓin shi kake ji ƙaraf. FL Studio na ƙirga su ma: ka shiga Options, Audio settings, za ka ga lambar underruns tana hawa duk lokacin da abin ya faru.

Lissafin ba shi da wuya. A 44,100 Hz, wato guntayen sauti (samfur) 44,100 a kowane sakan, bafa mai samfur 128 milisakan 2.9 ce, mai 256 milisakan 5.8, mai 512 milisakan 11.6, mai 1024 kuma milisakan 23.2. Ƙaramar bafa tana ba furosesa ɗan gajeren lokaci ta gama aiki, sai yankewa ta yi yawa, amma murya na dawowa da wuri. Babbar bafa tana ba ta sarari, sauti ya tafi sumul, amma murya ta makara. Ka ga ke nan ciwonka na ɗaya da na biyu jan igiya suke yi, in ka sassauta wa ɗaya ka matse ɗaya. Shi ya sa ba a aiki da saiti guda daga farko har ƙarshe. Lokacin ɗaukar murya ko kaɗa fiyano a sa 128 ko 256, a kashe fulogin masu nauyi, wato ƙananan manhajojin ƙirƙira ko gyara sauti da ake ɗorawa a cikin FL Studio. Lokacin gyara da haɗa sauti a ɗaga zuwa 1024, tunda babu mai rera komai a lokacin balle ya damu da jinkiri.

Wani abu da ba kowa ya sani ba: yawan ƙwayoyin furosesa ba ya ceton layi guda mai tsawo. In ka jera fulogin takwas a kan murya ɗaya, dole na farko ya gama kafin na biyu ya karɓa, don haka ƙwaya ɗaya ce ke ɗaukar jerin duka. Haka fulogin da aka jibge a kan Master, layin ƙarshe da duk sauti ke haɗuwa a kansa. Sai ka ga Task Manager na nuna kashi 40 cikin ɗari amma sauti na yankewa. Maganinsa a FL Studio: ka shiga Tools, Macros, ka kunna smart disable ga dukkan fulogin, don wanda ba ya fitar da sauti a lokacin ya huta. Kayan kiɗan da ka gama da su ka mayar da su fayil ɗin sauti ta hanyar consolidate. Kuma kada ka sa reverb, wato amsa-kuwwa, daban a kan kowane layi. Ka yi guda ɗaya ko biyu ka tura layukan can.

Sai Windows kanta. A batir takan rage gudun furosesa don tsimi, saboda haka ka sa tsarin wuta a High performance ko Best performance, ka kashe USB selective suspend. Akwai kuma direbobin da kan riƙe furosesa na ɗan lokaci su hana sauti wucewa, yawanci na Wi-Fi, na hoto ko na kula da batir. Manhajar LatencyMon kyauta ce, ita ke tona su. Ka kunna ta minti goma zuwa goma sha biyar. In rubutun ya fito kore, injin zai ɗauki aikin sauti, in ja ne za ta nuna maka sunan direban. Sau da yawa kashe Wi-Fi lokacin aiki kaɗai ya isa.

Zafi ma ba ƙaramin ɓarawo ba ne a ƙasarmu. Furosesa in ta doshi digiri 95 zuwa 100 takan rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Alamar ita ce aiki ya fara lafiya, bayan minti ashirin ya soma kakarewa ba tare da ka ƙara komai ba. A bazarar Kano ko Sakkwato, inda zafin waje ke haura digiri 40, laftof da ƙurar hunturu ta toshe wa fanka ba ta da inda za ta kai zafin. A buɗe ta, a hure ƙurar da ta yi dunƙule kamar auduga tsakanin fanka da raga, a goge busasshen man da ke kan furosesa a sa sabo, ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake. Sau ɗaya a shekara, bayan hunturu. Kuma a daina ɗora ta kan katifa ko darduma.

Makarar murya da zuuu

Ramin makirfo da ke jikin laftof don kiran waya aka yi shi. Direban Windows da ke kula da shi yana da jinkiri mai yawa, shi ya sa masu kiɗa ke amfani da ASIO, tsarin da kamfanin Steinberg, masu Cubase, suka ƙirƙiro don manhajar kiɗa ta yi magana da na'urar sauti kai-tsaye. FL Studio ASIO da ASIO4ALL za su rage maka wahala yau ɗin nan ba tare da ka kashe ko sisi ba, amma faci ne. Magani shi ne akwatin sauti na waje mai shiga ta USB, wanda 'yan situdiyo ke kira sawun-kad, mai direban ASIO nasa na kansa.

Tunda kana da PSR, ka nemi mai ƙofa biyu cikakku, kamar Focusrite Scarlett 2i2 ko Behringer UMC202HD. Dalili kuwa, a fiyano da yawa wayar USB saƙon MIDI kawai take kaiwa, wato wane maɓalli aka danna da wane ƙarfi, ba sautin fiyanon ba. In kana son ainihin sautin Yamaha ɗin, wanda kunnen masu sauraron waƙoƙin Hausa ya saba da shi, sai ka ja waya biyu daga mafitar hagu da dama zuwa akwatin. Scarlett Solo ƙofar makirfo ɗaya ce da ta kayan kiɗa ɗaya, ba za ta ba ka hagu da dama yadda ya kamata ba. UMC22 kuwa, duk da arharta, ba ta da direban ASIO nata, ASIO4ALL ɗin dai za ka koma.

Waɗannan akwatuna suna da maɓallin Direct Monitor. In ka kunna shi muryar mawaƙi na zuwa hedifon daga cikin akwatin ba tare da ta bi ta kwamfuta ba, jinkiri ya zama babu. Matsalar ita ce mawaƙanmu da yawa ba sa son rerawa sai suna jin Auto-Tune, fulogin mai daidaita murya, a kunnensu, shi kuma dole ya bi ta kwamfuta. A nan ne za ka sauke bafa zuwa 128, ka fitar da kiɗan a matsayin fayil ɗaya, ka buɗe sabon aiki wanda babu komai a ciki sai kiɗan da layin murya. Jinkirin zuwa da dawowa in bai wuce milisakan 10 ba yawancin mawaƙa ba sa damuwa. Daidai yake da tsayawa kimanin mita uku da rabi daga sifika.

Zuuu kuma gwajinsa minti ɗaya ne. Ka zare caja. In ya ɗauke, daga wuta yake. Mai kauri, ƙasa-ƙasa, shi ne 50 Hz na wutar layi, yakan shigo ne in laftof da sifika ko fiyano suna jone a soket daban-daban, ko gidan ba shi da wayar ƙasa mai kyau. Mai siririn ƙara kamar kukan sauro yawanci cajar jabu ce, ko inbata mai arha wadda wutarta ba tsantsar sine ba ce. Ka jona komai a kan mahaɗin soket guda, ka yi amfani da wayoyin TRS ko XLR zuwa sifika, ka nemi caja ta asali. Kada ka karya ƙafar ƙasa ta fulogi don kashe ƙara kamar yadda wasu ke yi, rai ya fi rikodin. Hanya mafi sauƙi dai ita ce ɗaukar murya a kan batir, wanda zai ba ka damar kashe janareta ma, tunda makirfo ba ya tace kukansa. Wannan ya sa batir mai rai ya zama kayan aikin situdiyo.

To, wace za ka saya

A ajin na hannu, laftof ɗin ofis da kamfanoni suka sallama sun fi na gida ƙarko da sauƙin kayan gyara. Uku nake fara ambata: Lenovo ThinkPad T480, HP EliteBook 840 G5 da Dell Latitude 5490. Duk ana samunsu da zubi na 8, sai dai akwai masu na 7 a cikinsu, don haka ka duba lambar; duk suna da gurbin RAM biyu, ka iya farawa da giga 8 ka ƙara daga baya. T480 tana da ƙarin falala, batir biyu gare ta, na ciki da na waje da ake cirewa, kuma akwai babban na waje mai 72Wh. Ka lura T480s ba ita ba ce, wani ɓangare na RAM ɗinta a like yake. In kuɗi sun kai, ThinkPad T14 mai Ryzen 5 PRO 4650U ƙwaya shida ce. Laftof ɗin wasanni masu i7-8750H ma ƙwaya shida ne kuma suna da ƙarfi, sai dai fankarsu na ihu a gaban makirfo, batirinsu ba ya jimiri, kuma katin hoton da kake biya wa kuɗi ba ya taɓuka komai a kiɗa.

RAM giga 16 nake ba da shawara, sanda biyu masu giga 8. SSD, ma'ajin fayiloli mai sauri, dole ne, aƙalla giga 256, in da hali 512. Kada ka karɓi mai tsohon faifai mai juyawa ko da an ce tera ɗaya ne.

Apple ba dole ba ce, amma ba zan ɓoye maka ba, MacBook Air M1 ta 2020 tana da daɗin wannan aiki. Ba ta da fanka ko kaɗan, batirinta na kai mutum nesa, ba ta buƙatar ASIO, GarageBand kyauta ne a kanta, FL Studio ma na aiki. Illarta, RAM da ma'ajinta a like suke, abin da ka saya da shi za ka zauna, gyaranta kuma da tsada. In sayenta zai cinye kuɗin akwatin sauti da makirfo, bar ta. Ni a ganina kashi biyu cikin uku na kuɗinka ya tafi laftof, ɗaya ya tafi akwatin sauti, makirfo da hedifon mai rufe kunne.

Ko a Farm Centre ko titin Beirut za ka saya a Kano, ko Banex a Abuja, ka tafi da filash mai ɗauke da LatencyMon, CrystalDiskInfo mai duba lafiyar ma'aji da HWMonitor mai nuna zafi, ka nemi rabin awa. Ka karanta lambar furosesa daga cikin Windows, ban da sitika. Ka buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, ka buɗe fayil ɗin da ya fito ka gwada Full charge capacity da Design capacity; in ya gaza kashi 70 cikin ɗari, kuɗin sabon batir ya shiga ciniki. CrystalDiskInfo ta nuna Good. Ka gwada kowace ƙofar USB kana ɗan motsa filash ɗin, domin ƙofa mai sako-sako za ta riƙa yanke akwatin sauti ana tsakiyar rikodin. Ka shiga BIOS, shafin saitin inji da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka tabbatar babu kalmar sirri. In Mac ce, mai ita ya fita daga iCloud a gabanka, a goge ta, ka kunna ta da intanet ka ga ba ta nemi asusun wani ko na wani kamfani ba. Sannan a rubuta maka rasit mai lambar injin da kwanakin gwaji.

Wannan ajin yana da iyakarsa. T480 mai giga 16 za ta ɗauki waƙa mai layi talatin ko arba'in na fiyano, ganguna da muryoyi in kana kula da saiti. Ba za ta ji daɗin manyan rumbunan sauti na manhajar Kontakt irin na kiɗan fim ba, haka tace bidiyon 4K. Kuma injina biyu masu suna ɗaya kan bambanta a LatencyMon saboda katin Wi-Fi ko BIOS, don haka sakamakon da ka gani a shago ya fi sunayen da na lissafa maka nauyi.

Manhaja

Na san abin da ake loda wa laftof a kasuwa. Ba wa'azi zan yi maka ba, maganar aiki ce: FL Studio da fulogin na sata su ne kan gaba wajen rufewa ana tsakiyar aiki, kuma don a sa su sai an kashe kariyar Windows, daga nan komai ma ya shigo. Wani abin da ke shigowa yana cin furosesa a ɓoye, ka zo kana zargin laftof. Ranar da ka saya, ka sa a goge a zuba Windows sabuwa fil.

Image-Line, kamfanin Beljiyam mai FL Studio, sau ɗaya ake biyansa, sabuntawa kyauta ce har abada. Ka kula, bugun Fruity ba ya ɗaukar murya ta makirfo, Producer ne mafi ƙanƙanta da zai yi maka. Bugun gwaji kuma yana ajiye aiki amma ba ya sake buɗe shi sai ka biya. In dala ta yi nauyi, Reaper na ba da kwana 60 na gwaji ba tare da an rage komai ba, lasisinsa na mai ƙaramin ƙarfi dala 60, ba shi da nauyi a kan tsohon inji, kuma yana zuwa da ReaTune na gyaran murya. A fulogin na kyauta akwai Vital da Surge XT na ƙirƙirar sauti, TDR Nova na tace shi, MAutoPitch a madadin Auto-Tune, da Youlean Loudness Meter na auna ƙarfi. Biyar da ka sani ciki da bai sun fi ɗari biyu da ka tara.

Wajen ɗauka, ka sa 24-bit, ka saita ƙarfin shiga yadda mafi ƙarar wuri zai tsaya tsakanin -12 da -6 dB, kada ya taɓa ja. Bakin mawaƙi ya kasance kamar taƙi ɗaya daga makirfo. Makirfo irin AT2020 yana buƙatar a kunna maɓallin 48V a akwatin sauti, kuma yana kwasar komai har kukan akuyar maƙwabta. A ɗakin da ba a gyara ba mai irin SM58 ya fi rufa asiri. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ado ne kawai, bargo mai kauri ko katifa a bayan mawaƙi sun fi shi aiki.

In ka gama, ka fitar da WAV ka adana, shi ne uwa. A 44,100 Hz da 16-bit yana cin wajen mega 10 a minti, MP3 mai 320 mega 2.4, mai 128 kusan mega ɗaya. Mayar da mai 128 zuwa 320 ba ya dawo da abin da aka zubar, girma kawai yake ƙarawa. WAV ake ba masu rarraba waƙa zuwa Spotify, Boomplay ko Audiomack, kuma Spotify na daidaita ƙarfin waƙoƙi zuwa wajen -14 a ma'aunin ƙarfi na LUFS, saboda haka matse waƙa har ta fashe don ta fi ta wani ƙara ba ya kai ka ko'ina a can. In za ka tura wa wani ta WhatsApp, ka bi ta zaɓin Document don fayil ɗin ya isa yadda yake. Kafin ka saki, ka saurara a sifikar ƙaramar waya, inda yawancin masu jin ka za su ji. In kalangu ko murya ta nutse a can, koma ka gyara. Fayil ɗin .flp, wanda FL Studio ke ajiye aikinka a ciki, ba ya ɗauke da muryoyin da ka ɗauka, hanyar zuwa inda suke kawai yake riƙewa. Duk aikin da ka kammala ka fitar da shi a matsayin zip daga cikin FL Studio, ka kwafa a faifan waje da ba ya kwana a jaka ɗaya da laftof ɗin.